Shekarar da Yaya Ya Faɗi

A shekarun da damina ta yi ta yaudarar mu, shuka ta fito ta ƙone, a sake shukawa ta sake ƙonewa, ina gidan mijina a wani ƙauye kusa da Kunci, gonaki kaɗan ne tsakanina da gidan iyayena. Rumbunan garin duk sun koma wurin kwanan kaji. Abincinmu ya zama ganye, yau tafasa, gobe rama, jibi zogale, a barbaɗa ɗan ƙuli-ƙuli idan an samu. Tuwon dawa sai sau ɗaya a yini. Kowa ya rame.

Mutum ɗaya ne a danginmu bai rame ba, yayana da muke uwa ɗaya uba ɗaya. Yana zaune a Bacirawa cikin Kano yana fataucin dabbobi, kuma farin nan ya buɗe masa kasuwa, don manoma suna ta sayar da awakinsu da araha. Duk zuwan da zai yi a kan babur ɗinsa da buhun hatsin da yake kawo wa mahaifiyarmu, sai mun ga ya ƙara cika. Wuya ya yi ninki, tumbi ya turo riga. Ko masallacin unguwarsu a babur yake zuwa. Inna takan dube shi ta ce, "Alhamdu lillahi, ko ba komai ɗaya daga cikinmu yana da lafiya."

Wata ranar kasuwa ina shanya rama a tsakar gida, sai ga mijina ya shigo ko sallama bai ƙarasa ba.

"Ɗauko mayafinki. Yayanki ya faɗi a kasuwar dabbobi."

"Sa ne ya tunkuye shi?"

"Babu abin da ya taɓa shi. Yana tsaye yana ciniki ya zube."

Ni da Inna muka shiga motar Kano, don can aka kai shi. Da muka isa asibiti na wuce gadonsa ban gane shi ba, sai da matarsa ta kamo hannuna. Bakinsa ya karkace, yawu yana zuba, hannun dama yana yashe a gefe. Ya so ya ce "Inna", harshen ya ƙi. Na zauna a ƙasa. A garin da tsofaffi suke kwana da ruwan ganye a ciki suna tashi su tafi gona, wai mai ƙoshin cikinmu ne a kwance.

Inna ta ce jifa ne, 'yan kasuwa sun yi masa hassada. Likitan da ya zo duba shi ya ce hawan jini ne, kuma ya daɗe a jikinsa. Ya tambayi matar Yaya abin da yake ci. Ita kuwa ta shiga lissafi har da ɗan alfahari: shayi mai kauri da sukari da safe, da rana balangu mai kitse, lemon kwalba a madadin ruwa, miya sai mai ya kwanta a kanta.

"Duk a daina," in ji likitan. "A rage gishiri. A ba shi ganye, da wake, da tuwon dawa. Ya sha ruwa, ya sha maganinsa kullum, kuma da zarar ƙafar ta motsa ya riƙa tafiya."

Inna ta saki baki tana kallonsa.

"Likita, abincin yunwa fa kake lissafawa."

"Shi nake nufi, Inna. Ba yunwar nake yabo ba, ku ma kuna bukatar ƙari. Amma abin da ke cikin kwanonku ya fi nasa."

 Da muka fito, a mota ne Inna ta ce da ni a hankali, "Ni da nake jin kunyar ya tarar da mu muna cin tafasa."

Da aka sallame shi, gidan Inna muka kawo shi. Ranar farko da na ajiye masa kwaɗon zogale ya kawar da kai, hawaye yana bin kumatunsa. Inna ta zauna ta riƙa ba shi a baki. Bayan sallar asuba mijina yakan riƙe shi su taka zuwa ƙofar gida, daga baya zuwa rijiya, daga baya har bakin gona da sanda. Maƙwabta suna leƙowa ta saman danga suna salati, don kullum ƙara zubewa yake yi, rigunansa suna yi masa yawa. Wasu har sun fara yi wa Inna jaje.

Kafin kakar da ta biyo baya, wadda Allah ya sa aka samu gero, maganarsa ta dawo, ya ajiye sandar. Hannun ne bai koma daidai ba har ƙarshen rayuwarsa, da hagu ya koyi cin abinci. Ya koma Bacirawa ya ci gaba da sana'arsa, ya rayu har ya aurar da 'ya'yansa duka. Ranar da za su koma Bacirawa, matarsa ta sa mijina ya saro mata rassan zogale, ta ɗaure su da igiya ta ce za ta dasa a bayan ɗakinta.