Koriya Mai Taya a Ka

Yayana bai taɓa mallakar ko babur ba, amma yana da motoci cike da kabad. Na ƙarfe ne, kowace ba ta wuce tafin hannu ba, irin motocin nan na ratsa daji masu manyan ƙafafu kamar na tarakta. Kabad ɗin ma na matarsa ne. Da daɗin baki ya sa ta kwashe tangaran ɗinta na jere ta tura ƙarƙashin gado, shi kuma ya jera shirmensa a bayan gilashi. Mutum da gemunsa, da 'ya'yansa, da gonar tumatir a bakin kanal ɗin ban ruwa! Mahaifiyarmu takan ce girma ya faɗi, raƙumi ya shanye ruwan 'yan tsaki.

Idan ka kuskura ka tambaye shi, ka shiga uku. Zai ɗora maka biyu a hannu ya ce ka duba da kyau. Ka duba, ka ga abu ɗaya. Sai ya girgiza kai don tausayin jahilcinka: ai wannan ƙafafunta baƙaƙe ne wuluk, waccan da farin zobe, wannan fitila huɗu a goshi, waccan biyu. Ni dai na ce masa da zobe da babu zobe, ba wadda za ta kai kwandon tumatir ɗaya kasuwar Kadawa.

Sarauniyarsu wata koriya ce mai tayar ko-ta-kwana a kan rufi. Tana da 'yar'uwa, ita ma koriya, amma tayarta a baya take, kuma wai irin wannan ko'ina akwai. Mai taya a ka kuwa shekaru ya yi yana nemanta. Ranar da wani ɗan gwanjo ya kira shi daga Kano ya ce ta samu, ranar ce aka sako wa layinmu ruwa, ga dashe sabo a gona. Ya bar ruwan ya hau mota. Ya dawo baki har kunne, dashen kuwa ya kwanta. Takaicin wannan rana har yau bai sake ni ba.

Bayan matarsa ta haihu, surukinsa ya zo barka daga Bunkure, riƙe da hannun wata 'yar jikarsa. Aka shimfiɗa masa darduma a falo. Yayana ya durƙusa can gefe, kai a ƙasa, ni kuma na kawo ruwa.

Dattijon ya ƙura wa kabad ido. "Masha Allah. Sana'a ka fara?"

"A'a, Baba, ajiya ce kawai."

Yarinyar ta riga ta manna hanci a gilashi. Sai kakanta ya miƙe, ya buɗe da kansa, ya ce, "To ga biyu nan iri ɗaya, me za ka yi da su? Bari a ba 'yar nan taka ɗaya." Cikin motoci fal, hannunsa bai sauka ko'ina ba sai kan mai taya a ka.

"Baba, wannan..." in ji yayana.

"Na'am?"

"Ba komai, Baba. Allah ya ƙara girma."

Shi ke nan. Mutumin da ke tsare baƙo har shayi ya huce yana bayanin zobe, ya kasa haɗa kalma uku a gaban suruki. Yaya ma zai yi? Ya ce wa uban matarsa yana rowar abin wasan yara? Matarsa na bakin ƙofa, ta san bambancin motocin sarai, kalma ɗaya daga bakinta ta isa a musanya. Sai kawai ta gyara goyonta. Na san tangaran ɗinta ta tuna. Ni kuwa madafi na gudu, na yi dariya har da hawaye.

Da rani ya yi nisa na je biki Bunkure, na ga motar. An ɗaura mata zare, yarinyar na jan ta a gefen kanal, ta yi buɗu-buɗu da laka, fenti ya kankare. An cire tayar rufin don 'yar tsana ta sami wurin zama.

Ina dawowa na nufi falonsa. "Yaya, albishirinka. Motarka ta kama aiki, har fasinja take ɗauka."

Bai ɗago ba. "Tayar tana nan?"

Na ce babu.

Ya ce, "To."

Na jira ya yi faɗa in ƙara masa, bai yi ba. Ya ci gaba da goge gilashi da gefen rigarsa.

Gurbin na nan har yau, kusa da mai taya a baya. Matarsa ta taɓa sa kofin tangaran ɗaya a wurin. Ya ɗauke shi da hannu biyu ya mayar ƙarƙashin gado.