Fargabar da Ta Raba Ni da Ɗan Farina

A shekarun da aka ba mu jihar Kebbi, ni mace ce da ake shakka a unguwarmu cikin Aliero. Ban yi makaranta ba, wannan ma faɗi nake ana rubuta mini, amma ba abin da ke gilmawa a gidana ban gani ba. Mutane sun ɗauka zafin hali ne. Ba su san da zarar na buɗe ido da safe gabana ke faɗuwa ba gaira ba dalili. In hayaƙi ya tashi a maƙwabta, gobara nake gani. In an adana albasa cikin rudu, ma'ajiyarta ta kara, sai in yi ta tone ta ina duban ruɓa, har in ɓata mai lafiya. Wuyana kullum a sanƙare.

Mafi yawan fargabar a kan ɗan farina take, wanda ke bin motar albasa zuwa Kurmi. To, kun san al'adarmu: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta tambayar lafiyarsa gaban mutane. Ni kuwa na riƙe wannan kunya fiye da kowa. In ya tafi, sai in ga motar ta kife, in ga 'yan fashi, in ga an shigo da shi cikin tabarma. Ba ni da bakin tambaya, sai in huce kan matarsa, in ce ita ke tura shi hanya don kwaɗayin atamfa. In ya dawo ya durƙusa gaishe ni, daɗi kamar in yi kuka, amma sai in kau da kai in ce ya tashi ya ba ni wuri. Wata rana na ɓoye jakar tafiyarsa cikin rumbu don motar ta tafi ta bar shi. Ya gano inda take, ya ɗauki abarsa. Da aka gama cirar albasa ya kwashe iyalinsa ya koma Jega.

Ƙanwata da ke aure a Giwa Tazo ita ta matsa mini na je asibiti saboda bugun ƙirjin nan. Likita ya ce zuciya lafiya lau, amma ya yi ta tambayata har na faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ya ce ciwo ne, ciwon fargaba, ba mugun hali ba ne, ba kuma rashin tawakkali ba. Na sha magani na ji sauƙi, ko da yake bai sake ni gaba ɗaya ba.

Daga baya na je Jega, na iske matar ɗana ita kaɗai, na kwashe komi na gaya mata. Ta yi kuka, tana kirana Inna, ta ce mijinta ya sha faɗa mata tun yana yaro bai san laifin da ya yi mini ba. Ta roƙe ni in bari ta gaya masa. Na hana, na ce ni zan faɗa da bakina in na shirya. Ban shirya ba har zazzaɓi ya ɗauke shi, a ɗakinsa, kan shimfiɗarsa, ba a hanyar da na ƙare shekaru ina tsoro ba. A ranar na fara kiran sunansa da ƙarfi.

'Yan uwana mata, in gaban ɗayarku na faɗuwa kullum ba dalili, ta je a duba ta, kada ta jira shekaruna. Wadda kuma kunya ta rufe wa baki, ta bari ɗanta ya ji, ko ta bakin wani ne. Ni an yi mini tayin haka, na ƙi.