Ƙuli-ƙuli da Tsakar Ranar Azumi

Ko tsufa zai kwashe min komai a ka, akwai rana ɗaya da ba na jin zai iya tafiya da ita. Ranar ce na durƙusa gefen tabarma da rana tsaka, cikin watan azumi, a gaban surukata da mijina da wani baƙon Alhaji, na riƙa garzar ƙuli-ƙuli kamar ba a taɓa koya min kunya a gidanmu ba.

Kafin ku yanke min hukunci, bari in fara ba ku labarin ƙuli-ƙulin kansa.

Ƙauyenmu yana tsakanin Kura da Bunkure, inda ruwan kanal ya hana mu sanin hutun rani. Ana cire shinkafa ana dasa tumatir, ana cire tumatir albasa na jira. Kusan kowa manomi ne, amma surukata, wadda duk muke kira Inna, ita da gyaɗa ta ƙulla zumunci. Tun da mijinta ya rasu ya bar mata yara ƙanana ta kama sana'ar ƙuli-ƙuli. A faranti ta fara, ana kai wa masu aikin gona bakin kanal su haɗa da garin kwaki. Daga faranti ta koma zuba shi a farar leda, tana liƙe bakin da wutar kyandir, har yau akwai tabon ƙuna a babban yatsanta. Nata ya fita daban da na kowa: sirara ne kamar ɗan yatsa, da citta da ɗan yaji da sukari kaɗan, kuma ba ya neman karya wa mutum haƙori. A hankali direbobin titin Zariya suka fara tsayawa a Garun Mallam suna tambayar masu shago, “Akwai na tsohuwar nan?”

Lokacin da aka kawo ni gidan, babban ɗanta, wato maigidana, ya gama karatu ya gaji da yawon neman aiki, sai ya dawo ya rungumi sana'ar uwarsa. Shi ya sayo injin liƙe leda, kyandir ya huta. Shi ya sa aka buga leda mai launi da laƙabin da yaran gari ke kiran Inna da shi. Shi ya yi ta zarya har aka samu lambar hukuma, shagunan cikin Kano suka fara karɓa. Aka ɗauki matan unguwa aiki, aka gina rumfar kwano a bayan gida. Inna ta yarda da duk wannan sauyi, abu ɗaya ne kawai ta ƙi a taɓa: ba zubin da zai bar gidan sai an ɗanɗana. Takan ce ita ba ta sa sunanta a kan abin da ba ta san ɗanɗanonsa ba. Ni ta zaɓa ta koya wa wannan aikin. Ta kan miƙo min guda ta ce, “Me ya yi yawa?” In na faɗa daidai ta yi shiru, in na kuskure ta ce in sake ci. Da haka harshena ya zama na biyu a gidan.

To ni kuma ina da nawa nauyin. Na yi shekara da shekaru a gidan ban haihu ba. Sau biyu ina samun ciki, sau biyu muna sanar da kowa da murna, sau biyu yana zubewa tun bai yi ƙwari ba. Abin da ya fi min ciwo ba ɓarin ba ne kaɗai, har da sannun da mutane za su yi ta zuwa yi min, da kallon tausayin da ke biyo baya. Inna ba ta taɓa yi min gori ba, ko da ido. Amma shirun nata ma nauyi yake min, domin na san tana son ganin jika.

A shekarar da nake ba ku labari, azumi na ƙaratowa na sake samun ciki. Likita ta ce kada in kuskura in yi azumi, ga zafi ga halin da na saba shiga. Ni da maigidana muka yi alƙawari ba wanda zai ji sai abin ya tsaya da ƙafarsa. Don haka nake tashi sahur da kowa, in sha ruwa da kowa, da rana kuma in shige ɗaki in rufo ƙofa in ci abin da ya samu. Ga wani abin dariya: duk abincin duniya cikina ya ƙi, ƙuli-ƙulin Inna kawai yake marmari. Ni kuwa a cikinsa nake wuni, ƙamshinsa na dukan hancina, ina haɗiyar yawu ina yin fuskar masu azumi.

Cikin goman ƙarshe sai ga babbar dama. Wani Alhaji da ke tattara kayan ƙwalama daga masu yi yana kai wa manyan shagunan Kaduna da Abuja ya yarda zai gwada namu a kayan Sallah. Wannan ne karo na farko da ledarmu za ta wuce Kano. Ya ce motarsa za ta biyo ta wajenmu bayan azahar, da la'asar kuma za ta ɗau hanya, domin akwai wasu da ke jiransa a gaba. Kamar da gayya, injin markaɗen garinmu ya lalace, bai tashi ba sai ana gobe. Dole duk aikin ya taru a safiyar ranar. Zubi huɗu muka yi, kowanne aka liƙe aka jera kwalayensa a layinsa. Ba halin ɗanɗanawa tunda kowa na azumi, amma Inna ta ce da hannunta ta auna gishiri da yaji, yau ɗaya za ta yarda da awonta.

Mota ta iso, an shimfiɗa wa Alhaji tabarma a inuwar rumfa, sai wata dattijuwa cikin masu suyar gyaɗa ta ja Inna gefe ta yi mata raɗa. Ashe da safe gyangyaɗi ya ɗauke ta a bakin kasko, gyaɗar ta ƙone, tsoro ya sa ta juye ta cikin sauran aka kai markaɗe. Ta yi ta fama da zuciyarta har ta kasa. Da aka tambaye ta cikin wane zubi ta shiga, ta ce wallahi ba za ta iya tunawa ba.

Wanda bai san sana'ar ba zai ce kasko ɗaya me zai yi. Ƙonanniyar gyaɗa kuwa ba ta nuna kanta a ido, tunda an toya komai ya yi ja iri ɗaya. Ba ta nuna kanta a hanci, citta ta rufe. Sai ka tauna ka haɗiye, sannan ɗaci ya taso maka daga maƙogwaro ya zauna. Wanda ya fara cin kayanka ya ji wannan ɗacin, ya gama da kai ke nan.

Inna ta dawo ta faɗa wa Alhaji gaskiya a gaban kowa. Ta ce layi ɗaya cikin huɗun nan ba shi da kyau, kuma ba ta san wanne ba ne.

Alhaji ya dubi rana ya ce, “Hajiya, a loda duka mana. In ma akwai, ai ba kowa zai lura ba.”

“Ni zan lura, Alhaji,” in ji ta. “Ko ina nan zaune zan lura.”

Aka shiga neman dabara. Inna ta ɓare leda ɗaya ta taɓa a harshe ta tofar, ta girgiza kai ta ce bakin mai azumi komai ɗaci yake ji. Aka kira yaran maƙwabta, aka ba su daga kowane layi. Kowanne suka ci sai su ce da daɗi, a ƙaro. Wani ya tuna da tsohon da ke bayan masallaci wanda ciwo ya hana shi azumi, sai aka tuna rabonsa da haƙori tun kafin a kawo wutar lantarki garin. Na dubi matan da ke rumfar. Na tabbata a cikinsu ba a rasa mai uzurin da mata kan samu ba, amma wace ce za ta buɗe baki ta faɗi haka ga maza zaune? Kowacce ta dukufa tana gyara kwalin da ba abin da ya same shi.

Maigidana ya san akwai mutum ɗaya a gidan da ba ta azumi, kuma ya san harshenta. Bai kalle ni ba ko sau ɗaya, don kada in ga kamar roƙona yake. Sai gumi yake sharcewa. Can ya miƙe ya ce, “Inna, ni zan ci, in ya so na rama bayan Sallah.”

Inna ta dube shi sama da ƙasa. “Kai, zauna. Kaffarar sittin za ka ɗauka saboda ƙuli-ƙuli? Kai da azumin talatin ma kullum sai an yi maka fifita?”

Har Alhaji sai da ya dara. Amma dariyar ba ta daɗe ba, domin direbansa ya riga ya tashi mota yana duba taya. Inna ta dubi kwalayen, sannan ta ce a hankali, “Ka yi haƙuri, Alhaji, mun ɓata maka lokaci. Ka tafi. Allah ya kai mu wata shekarar.”

Na san abin da ke cikin wannan maganar. Irin Alhaji ba ya dawowa wata shekarar, gurbin da ka bari wani yake ba wa. Na dubi hannun Inna a kan gwiwarta, hannun da ya yi shekaru yana murza tunkuza har ya kai ga wannan rana. Tsoro ya cika ni, gani nake da zarar na furta, abin da ke cikina zai gudu kamar na baya. Amma ƙafata ta riga tunanina. Na tashi na ɗauko leda ɗaya daga kowane layi, na zo na durƙusa gefen tabarmar, na ja mayafi na rufe rabin fuska, na yi bismillah na kai baki.

Rumfar ta yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar taunata. Kuma ƙuli-ƙulin Inna, Allah ya sani, ba a cin sa a asirce.

Na farko lafiya lau. Na kurkure baki na ci na biyu, shi ma lafiya. Gaskiya ta sa in faɗa muku, guda ɗaya ya isa a gane, amma ni uku-uku na riƙa ci, tunda asiri ya riga ya tonu, ga marmarin wuni guda. Ina haɗiye na layi na uku ɗacin ya taso. Na ci na huɗu don in tabbatar, sannan na nuna da yatsa, kaina a ƙasa. “Layi na uku ne, Inna. Sauran ba abin da ya same su.”

Ba ta ko kalli kwalayen ba. Ni take kallo. Ta matso kusa har ina jin ƙamshin man gyaɗa a zanenta, ta rage murya yadda take zaton ni kaɗai zan ji, alhali duk kunnuwan rumfar nan a miƙe suke.

“'Yar nan, uzurin naki na kwanaki ne ko na watanni?”

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na ce, “Na watanni ne, Inna.”

Sai kawai tsohuwar nan da ban taɓa ganin hawayenta ba ta zauna daɓas a ƙasa, ta kama hannuna da hannu biyu tana kuka tana dariya, tana alhamdulillahi ba ƙaƙƙautawa. Dattijuwar da ta ƙona gyaɗa, wadda ɗazu take jiran kora, ita ta fara rangaɗa guɗa. Maigidana ya sulale ya fita wai zai duba ko an ɗaure kaya, alhali ko kwali ɗaya ba a ɗora ba. Alhaji ya miƙe yana gyara hula ya ce, “To ni dai yau na ga ciniki. Hajiya, a loda min layi ukun, kuma a ajiye min goron suna.”

Layi uku suka tafi. Ɗayan da ya rage, wato mai ɗacin, makiyayan da ke tsallaken kanal aka ba wa, shanunsu suka yi Sallah da shi. Kafin wata ya zagayo Alhaji ya aiko a ninka masa. Daga nan abin ya yi ta gaba. Yau rumfar kwanon ta zama gini, muna da injin markaɗenmu, mun ƙara da gyaɗa mai gishiri da kantun riɗi, kuma har yanzu ba zubin da ke fita sai an ɗanɗana.

Amma abin da ya fi zauna min a rai shi ne abin da ya biyo bayan tafiyar motar. Inna ta hana ni ɗaga ko da ludayi. Ta zaunar da ni a kujerarta, ta ce daga yau aikina ɗanɗano kawai. Da muka keɓe ta ce min, “Biyun can da suka tafi, kin ɗauka ke kaɗai kika yi kukansu? A ɗaki nake nawa don kada in ƙara miki. Da kin faɗa min wannan tun farko, ai da mu biyu muke tsoron.”

Yarinyar da nake ɗauke da cikinta a ranar yanzu tana makarantar firamare, kuma ba ta da aiki sai satar ƙuli-ƙuli a sito.

Abin da ranar ta koya min ke nan. Na ɓoye farin cikina don ina tsoron kada ya koma baƙin ciki a gaban mutane, ban san mutanen da nake ɓoye wa sun daɗe suna ɗauke da rabin baƙin cikina ba tare da sun faɗa ba. Wanda ya yi kukan rashinka a ɓoye, bai kamata ya zama na ƙarshen jin labarin samunka ba.