Turakun 'Yan Safiyo a Bakin Rijiyar Kaka

Ba zan rantse da shekarar ba, amma ina jin ba a daɗe da samun mulkin kai ba 'yan safiyo suka iso ƙauyenmu, can gefen duwatsun Roni. Safiyo, a iya sanina, shi ne ma'aikacin da ke auna ƙasa kafin a yi titi ko gini. A garinmu kuwa, duk yaron da ya faɗo gida ba sallama sai a ce masa, "Kai safiyo ne?" Haka muka ga suna yi. Sun kafa turaku masu jan fenti, ɗaya daidai bakin rijiyar da marigayi kakanmu ya haƙa. Kowa ya ce titi zai cinye ta.

Da magariba muka kewaye murhun Kaka tana gasa mana gyaɗa. Na tambaye ta ko za a cike rijiyar.

"Maigidana sarkin fargaba," in ji ta, "matso. Ga ta nan ta yi sallama."

"Ta shigo mu ji ta!" muka amsa, don mun san tatsuniya ce.

Wai namun daji suka so hanyar zuwa tafki, suka aiki barewa ta auno. Ta sheƙa a guje, ta fitar da hanya miƙaƙƙiya, ta bi ta kan ƙwan zabuwa da ramin bushiya. Ba wanda ya yarda ya taka. Sai aka aiki hawainiya. Kafin ta sauke ƙafa sai ta ce, "Salamu alaikum, wa ke nan?" Hanyarta ta fito a karkace, amma har gobe ita ake bi.

Washegari Kaka ta dama fura da ruwan rijiyar, ta kai wa ma'aikatan. Babbansu ya shanye, ya yaba sanyin ruwan.

"Ɗan nan, ga uwar ruwan can ƙarƙashin turkenka," ta ce. "Ba ka tambaya ba, ni kuma ban faɗa ba. Laifin namu ne mu biyu."

Ko furar ce, ko dama akwai wurin kaucewa, ban sani ba. Titin dai ya ɗan lanƙwasa.

Da na gama jami'a, lokacin da kuɗin mai ke ta zuba tituna, ni ma safiyo na zama. Abokan aiki kan ce na cika nawa, wataƙila da gaskiyarsu. Amma ban taɓa kafa turke ban nemi tsofaffin wurin ba. In na je gida, a lanƙwasar nan nake tsayawa in sha ruwa.