Ranar da Na Sa Yaya Habibu Ya Cire Takunkumi

Shekara biyar ke nan da rasuwar wana, Yaya Habibu, kuma a abin da ya faru ni ne mai laifi. Na ce bari in fara da wannan, don kada mai karatu ya zaci yabon mamaci kawai na zo yi. Sunana Isuhu, tela ne ni a titin 116 a unguwar Harlem, nan ƙasar waje. Karatuna bai wuce firamare a Maraɗi ba, saboda haka a yi haƙuri da rubutuna.

Yaya shi ne ya yi karatu a gidanmu. Yana aiki a wata kwaleji a nan birnin, a ofishin da ke kula da ƙungiyoyin 'yan'uwantaka na ɗalibai, irin waɗanda na maza daban, na mata daban, ɗalibi ya shiga ya sami 'yan'uwa har tsufansa. Iyayen yara a cikinmu suna tsoron waɗannan ƙungiyoyi saboda labarin giya da rawa. Sai Yaya ya tara 'ya'yanmu da ke kwalejoji, na Nijar da na Najeriya da na Zangon Gana, ya taya su kafa tasu, ɓangaren maza da ɓangaren mata. Yaran suka sa mata suna Tsakar Gida. Dokarsa ɗaya ce, kuma na sha jin ta a bakinsa: yara su zaɓi shugabanninsu, shugabannin su yanke shawara, shi kuma ya tsaya a bayansu ko da shawarar ba ta yi masa daɗi ba.

Kowace shekara ana naɗa sababbin shugabanni a ɗakin da ke bayan shagona. Tsohon shugaba da sabo su wanke hannu a kwano ɗaya, a ajiye tiren dambu, na maza da na mata, kowa ya sa hannu. Sannan Yaya ya ɗora wa namijin hula, matarsa ta yafa wa macen gyale. Ni ke ɗinka hular da gyalen. A tsakiyar yaran nan masu Turanci kamar ruwa, wannan ne kaɗai wurin da ake kiran sunana a tafa.

A shekarar korona, wadda 'yan matan suka zaɓa ita ce Ramatu, ɗiyar Hajiya Memuna, mutuniyar Kumasi mai aikin jinyar tsofaffi a gidajensu. Ramatu tana karatun aikin jinya, tana kuma zuwa koyon aiki a wani gidan tsofaffi. Ta ga abin da ke tafe kafin mu gani. Lokacin an fara maganar rufe makarantu, jiniyar motocin asibiti ta fara yawa a Harlem, amma shaguna na buɗe, muna ta musabaha muna dariyar masu takunkumi. Ramatu ta shawo kan shugaban mazan, suka sanar cewa bana ba taro, ba tire, za a yi naɗin ta bidiyo a waya. Yaya ya ce ya amince.

Ni ban amince ba. Na ce shugabancin da ba a ci abinci a kansa ba, ba shugabanci ba ne. Abin da na faɗa wa mutane ke nan. Gaskiyar ita ce, na riga na ɗinka hular da gyalen, kuma na san a cikin waya ba wanda zai kira sunana.

Da Ramatu ta zo shago don ta yi mini bayani, ta tsaya daga bakin ƙofa, ta rusuna ta gaishe ni da Hausarta ta Zango.

"Baba Isuhu, ciwon nan ba wasa ba ne. Na gan shi da idona."

Akwai mutane a shagon. Na ce, "To, likita bokan Turai. Jiya-jiya uwarki ke goyon ki nan wurin, yau ke ce za ki hana manya cin abinci?"

Aka yi dariya. Ta ce, "Ba zan zo ba, Baba. Kuma zan ce wa yaran kada su zo." Ta juya ta tafi.

Sai na bi ta bayan fage. Na kira iyaye ɗaya bayan ɗaya, na ce musu yaran sun fara raina al'ada, yau tire ne, gobe gaisuwa, jibi salla. Na san inda zan taɓa, don tsoron da kowannenmu ke kwana da shi ke nan a ƙasar nan. Iyaye suka matsa, kusan rabin yaran suka zo, wasu har da iyayen nasu.

Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai bana. Ranar taron na tashi da zazzaɓi da ɗan tari. Na sha ƙwayar ciwon kai, na wanke fuska, na ce gajiya ce.

Yaya ya zo da takunkumi a fuska. Ba don ya ci ya zo ba, ya zo ne ya sallami yaran su koma gida. Ya tsaya a bakin ƙofa yana ce musu shugabanninsu sun riga sun yi magana. Na miƙa masa hannu, ya dafa ƙirjinsa kawai. Sai na ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Yaya, ni ma ƙyamata kake yi? Ciki ɗaya?"

Ya dube ni, ya dubi iyayen da suka zuba mana ido. Ya san in ya fita, na gama tozarta a titin nan. Ya cire takunkumin ya sa a aljihu, ya ba ni hannu, ya zauna kusa da ni, muka ci daga gefe ɗaya na tiren. Sau ɗaya ke nan da na san ya karya dokarsa, kuma saboda ni ya karya ta.

Ba a daɗe ba birnin ya rufe. Titin 116 ya koma kamar an share shi, ba ka jin komai sai jiniya, wata na wucewa wata na tahowa. Na kwanta ciwo, Yaya ma ya kwanta, da wasu iyaye da suka zo taron. Mu muka tashi. Shi aka kai shi asibiti, ba a bar kowa ya bi shi ba. Jana'izarsa a waya na kalle ta, mutane kaɗan a tsaye nesa da juna. Likita bai taɓa ce mini daga wurina ya ɗauka ba, kuma ba wanda zai iya tabbatarwa. Amma ni na san yadda jikina yake ranar.

A kwanakin nan Ramatu ta raba yaran ƙungiya gida-gida, suna sayo wa tsofaffi abinci da magani suna ajiyewa a bakin ƙofa. Har ƙofata an ajiye. Ina cin abincin nan ne na fara jin maganar da ke yawo: wai Ramatu ce ta kwaso ciwon daga gidan tsofaffi ta kai wa Yaya a ofis, shi ya sa kunya ta hana ta zuwa taron. An faɗa a gabana ba sau ɗaya ba. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Na sunkuyar da kai kan keken ɗinki. Kafin shekara ta zagayo ta ajiye shugabancin, ta daina bi ta titinmu.

Ina yawan tambayar kaina me Yaya zai ce in ya leƙo yau. Tsakar Gida na nan a suna, amma yaran sun koyi darasin da na koya musu, ba nasa ba. Sun ga abin da ya sami wadda ta ce wa manya a'a. Yanzu ba mai son tsayawa takara, iyaye ke nuna wanda za a sa wa hula, shi kuma ba ya yanke komai sai ya tambaya. Masu kaifin cikinsu sun koma wasu ƙungiyoyin, inda ba a san sunan iyayensu ba. Mu kuma mun manta da sauri. In wani ya yi tari a sahu sai in duba, in ga ba wanda ya damu. Wani abu zai sake zuwa, ciwo ne ko waninsa, kuma yaran ne za su fara hango shi. Ina tsoron ranar nan za su yi shiru.

Abin da ya rage na Yaya, in na auna, ba hula ba ce, ba tire ba ne. Yarinyar nan ce da ta tsaya a bakin ƙofa ta ce ba za ta zo ba. Ita ce aikinsa da ya nuna, ni kuma na bari aka ɓata mata suna.

Bana da aka taru a bayan shagona don yi masa addu'a, Ramatu ta rako mahaifiyarta, tana cikin kayan aikin asibiti. Ba ta shigo ba, ta tsaya a waje. Na tashi na buɗe ƙofar har bango don na ciki su ji.

"Baba Isuhu, ina wuni? Sauri nake yi, zan karɓi aiki."

Na ce, "Ba zan tsayar da ke ba, 'yata. Ranar taron nan ina da zazzaɓi, na ɓoye. Ni na sa Yaya ya cire takunkumi. Da ake cewa ke ce, ina ji, na yi shiru shekara biyar. Ke ce kika yi daidai. A gaban mutane na yi miki dariya, shi ya sa nake roƙonki a gabansu. Ramatu, don Allah ki yafe mini."