Ranar da Autanmu Ya Ɗaura Mini Sirdin Kyamara

Ni mai mantuwa ce, har inda na ajiye ludayi sai na tambayi yara. Amma ranar da ƙanina ya ɗora mini kyamara a kafaɗa ya tura ni cikin matan biki, wannan kam sai ƙasa ta rufe mini ido zan manta. Ba mai yawo ba ce ni. Daga ɗakina a Batsari sai gidan suna, sai gidan gaisuwa. Bokona bai wuce firamare ba. Abin da Allah ya hore mini shi ne baki da kunne, kuma su biyun nan ne suka kusa ja wa yaron nan asarar sana'arsa.

Autanmu ɗaukar bidiyon biki yake yi. Ya iya daidai gwargwado, sai dai hannunsa yana rawa in ya daɗe riƙe da kyamara. Wani da ya yi wa aiki ya taɓa ce masa hoton kamar a bayan jaki aka ɗauka, jakin kuma ya hango kura. Maganar ta tsaya masa a rai. Sai ya gano wani ƙarfe a waya, wanda ake ɗora kyamara a kai a saɓa a kafaɗa, ya ce shi ne maganin rawar. Ragonsa da nake kiwata masa da dusa da harawa, shi ya kai kasuwa, ya yi odar abin daga Kano, direba ya kawo masa tasha a kwali.

A tsakar gidana ya baje shi bisa tabarma. Sanduna biyu na ƙarfe, da ɗan matashi mai lanƙwasa da ke hawa kafaɗa, da mariƙai biyu a gaba, da wani dunƙulen ƙarfe mai nauyi da ake maƙalawa ta baya don kada kyamarar ta rinjayi mutum. Shi yana da sunan Turanci da yake kiran abin, ni dai sirdi na sa masa, kuma sunan ya bi shi. Maigidana ya leƙo ya duba, ya ce, "Auta, ashe rago ka sayar ka sayo kan keke." Kwana da kwanaki Auta yana kwancewa yana ɗaurewa da wani ɗan makulli mai lanƙwasa, ya tura matashin gaba, ya ja nauyin baya, har sai da abin ya zauna masa daram ko ya saki hannu. Kajina da awakina duk sun shiga fim a makon nan.

Ana haka aka ba shi aikin wani biki a Wagini. Kawun amarya ne ya zo da kansa, ya ce kakar yarinyar tana Babban Duhu can ƙasar Safana, ita ta raine ta tun daga yaye, ga tsufa ga ciwon ƙafa, hanya kuma ba kamar da ba, ba za ta iya zuwa ba. Dominta ake son bidiyon. Ya ce in aiki ya yi kyau, bukukuwan danginsu na bayan kaka duk na Auta ne. Sharaɗi ɗaya ne: namiji ba zai shiga cikin mata ba, ko da kyamarar zinariya ya zo.

Da na ga Auta ya shigo yana "Yaya ta kaina, Yaya maganin kukana," na san akwai magana. Na ce, "Ni da ko hoton waya in na ɗauka sai kan mutum ya fita?" Ya ce, "Ai sirdin ne zai yi aikin, ke kafaɗa kawai za ki ba da aro."

To, shi Auta dogo ne kamar giginya, ni kuwa Allah bai ja ni sama ba, ya dai faɗaɗa ni. Da ya ɗora mini sirdin yadda ya daidaita wa kansa, madubin da ake kallo ya tsaya a saman goshina, mariƙan kuma sai na miƙe hannu kamar mai roƙon ruwa kafin in kamo su. Ya kwance, ya matso da komai kusa. Matashin ya riƙa zamewa a kan hijabi. Ya cire nauyin baya don ya sauƙaƙa mini, kyamarar ta dungura gaba tana kallon ƙasa. Ya mayar. Daga ƙarshe ni na ɗauko majanyin goyo na zagayo da shi ta hammata na tamke, abin ya zauna. Ya ce, "Ki yi tafiya kamar kin ɗauko ƙwarya cike da nono. In kin ga jar wuta, tana ɗauka. Kada ki taɓa komai." Akwai wani abu mai gashi kamar wutsiyar kurege daidai kumatuna. Ban tambaya ba, na ɗauka na share ƙura ne.

Abin da Auta bai lissafa ba shi ne tarbiyyar da aka yi mana. Ina shiga gidan bikin na yi kiciɓis da wata dattijuwa sa'ar mahaifiyarmu. Yaya za a yi in gaishe ta a tsaye? Na durƙusa. Nauyin nan na baya ya fizge ni, sai ga ni zaune daɓas, kyamara tana ɗaukar sama da rassan bedi. Mata suka tashe ni suna dariya, wata tana cewa, "Sannu mai hoto, Allah ya sa ba ki fasa musu injin ba." Daga nan na koyi durƙuso a hankali, amma ban fasa ba. Gidan kuwa cike yake da tsofaffi, kowacce sai an tambaye ta kwana da gajiya da gida da yara da shanu. Tsakanin gaisuwa da gaisuwa kuma bakina bai huta ba, ina 'yan maganganuna ƙasa-ƙasa, ni a tunanina ni kaɗai nake jin kaina.

Washegari Auta ya zo da kwamfutarsa, fuska ba annuri. Ya ce, "Yaya, zauna ki ga aikinki." Hoton bai yi rawa ba ko kaɗan, wannan kam sirdi ya cika alƙawari. Sai dai da fuska ta bayyana, sai a yi ƙasa a koma kallon ƙafafu da silifa. Ga muryata kuma raɗau, ashe abin gashin nan shi ne kunnen kyamarar. Ya dafe kai ya ce, "Ragona ya tafi a banza." Ya yanke abin da zai yanku, ya kashe maganar duka, ya ɗora kiɗa a kai. Ya ce tare za mu je Babban Duhu, tunda ni na ɓata, ni zan ba da haƙuri.

Da hantsi muka isa. Tsohuwar tana zaune a kan buzu a ƙofar ɗakinta, kawun amarya da matarsa da maƙwabta sun kewaye ta. Aka kunna. Can ta ce, "Wai ni kam, ba a yi magana ba a bikin nan? Yanar ido gare ni, inuwa kawai nike gani. Kun cika mani kunne da ganga." Babu wanda ya gaya mana ba ta gani sosai. Auta ya dube ni, na dubi ƙasa. Kawun ya ce in akwai mai magana a sa mata. Haka Auta ya buɗe na asalin, ni kuwa ina neman ramin da zan shige.

Tun daga gaisuwar farko ta gyara zama. Duk wadda ta amsa mini, sai ta gane muryar: "Wannan ƙanwar marigayi ce. Au, ta Darini ma ta zo? Allah sarki." Sai ga muryata: "Atamfar gwaggon ango dai ita ce ta sunan bara, ɗankwali kawai aka sake." Aka kwashe da dariya. Ban gama jin kunyar wannan ba na ji kaina ina cewa, "Alkakin nan an yi masa rowar zuma." Ashe matar kawun da ke gefena ita ta yi shi. Tsohuwar ta ce, "Mi ta ce? Maido mani." Aka maido. Ta yi dariya har da tari, ta ce, "Tun tana amarya nike gaya mata." Matar kawun ta harare ni ta ce, "Amma dai guda nawa kika ci?" Kafin in amsa, kyamarar ta amsa mata, don ana jin taunata.

Da aka zo wurin fitar da amarya, hoton mayafi ne kawai da bayan mata. Amma ana ji ina cewa, "Lallen ya kama ta ja wur. Ga ta nan ta riƙe ƙyauren ɗaki ta ƙi saki. Kakarta take kira, baiwar Allah." Tsohuwar ta sa aka maimaita wurin, ta sake sawa aka maimaita, tana share ido da bakin zane. Ta laluba ta kamo hannuna ta ce, "Ɗiyata, ke kika kai ni bikin nan." Ta juya wajen kawun ta ce bukukuwan kaka a ba yaron nan, amma da sharaɗin yayarsa ce za ta shiga cikin mata, kuma kada a kuskura a rufe mata baki.

Har yau Auta yana sana'arsa, ya ma sayi wani ragon. A jikin sandunan sirdin ya yi zane biyu da ƙusa, ɗaya daidai kafaɗarsa, ɗaya daidai tawa. Abin da na koya shi ne, kaya sai an gyara shi daidai kafaɗar mai ɗauka, aiki kuma kada ka yanke masa hukuncin lalacewa sai ka kai shi gaban wanda aka yi dominsa. Sannan duk abin da ka ga an ajiye kusa da bakinka, ko gashi gare shi, ka tambayi amfaninsa kafin ka soma zancen alkakin mutane.