Layin da muka sake sarewa a dajin Damari

Ina da shekara ashirin da ɗaya na gama makarantar mishan, na ƙara 'yan watanni ina koyon aikin daji, sannan aka miƙo mini takarda aka ce in tafi Birnin Gwari. Zamanin Turawa ne, ana ta maganar mulkin kai amma ba wanda ya san ranarsa. Ni Gbagyi ne daga kudu, iyayena suna cikin waɗanda suka fara karɓar baftisma a ƙauyenmu. A makaranta ƙararrawa ce ke tashinmu addu'a, ita ce kuma ke kiranmu sujada. Sai da na bar wurin na gane cewa ban taɓa tashi na yi addu'a don raɗin kaina ba.

Na sami ɗaki a gidan wani mai fataucin man kaɗe. Babu majami'a a garin a lokacin, ban kuma san wani Kirista ba. Lahadin farko na sa farar rigata, na shimfiɗa tabarma, na buɗe littafin waƙoƙi na fara rerawa. Ban gama baiti ɗaya ba na ji matan gidan sun tsayar da daka suna saurare. Kunya ta kama ni. Na rufe littafin, na cire rigar, na tafi rafi wanki.

Wanda aka haɗa mu aiki da shi wani dattijo ne mai gadin daji, tsohon maharbi. Bai iya karatun boko ba, amma babu icen da bai san sunansa da amfaninsa ba. Ina kiransa Baba, shi kuma yana kirana Malam, ko da yake ɗansa na fari ya girme ni. Duk inda azahar ta same mu, ko cikin duhuwar gora ne, sai ya ajiye adda ya yi salla, in babu ruwa ya yi taimama. Ni kuwa in koma gefe ina gyara igiyar takalmi. Wata rana ya tambaye ni ko mu ba mu da lokacin ibada. Na ce muna da shi, amma namu a zuci ne, ba sai an gani ba. Ya gyaɗa kai. Amsar ba ƙarya ba ce, sai dai ni na san a watannin nan ko a zucin ma ba na yi sosai.

Bayan kaka Baturen daji ya zo rangadi don a shata iyakar sabon gandun daji ta wajen Damari. Na yi murna da zuwansa, don duk Turawan da na sani a rayuwata 'yan mishan ne, na ɗauka na sami ɗan'uwa. Ranar Asabar da yamma na je na tambaye shi ko gobe za a huta, ko ma zai yi mana karatu. Ya dube ni kamar na tambaye shi labarin wani gari da ya daɗe da bari. Ya ce rabonsa da majami'a tun kafin yaƙin duniya, aiki kuma dole ya ƙare kafin ruwan fari, in na ga dama in yi addu'ata ina jan sarƙar awo. Ba da wulaƙanci ya faɗa ba. Mutum ne mai son aikinsa, yana tsayawa ya shafa gindin maɗaci kamar mai duba doki. Washegari na ja sarƙar awo tun safe har la'asar, ban ji komai a raina ba, kuma rashin jin ne ya fi damuna.

Aikin shi ne, Bature yana gaba da kamfas, leburori suna sare layi, Baba yana nuna inda ƙasa za ta biyu, ni ina auna tsawo ina rubutawa a littafi. Akwai shafin da ake rubuta abin da aka tarar a cikin iyaka. Doka ta ce in an sami mazauna da gona sai a rubuta, don a zagaye su ko a tabbatar musu da haƙƙinsu.

A mako na uku layi ya ratsa ta bayan wasu bukkoki uku. Akwai karan dawa a tsaye, da ɗan rumbu, da kaburbura biyu a gindin tsamiya. Mazan sun yi kudu da shanu, sai wata tsohuwa Bafulatana da surukarta muka tarar. Tsohuwar ta kawo mana nono a ƙwarya. Tana magana da Baba rabi Hausa rabi Fulatanci, ta nuna kabari ɗaya ta ce na maigidanta ne, sun daɗe a wurin har jikokinta biyu a nan aka yanke musu cibi.

Bature ya buɗe taswira ya daɗe yana kallo. In za a zagaye su, sai an bar layin da muka riga muka sare an bi ta cikin kwari mai gora da ƙudan tsando. Ya ce mini da Turanci ruga ce kawai, irin mutanen nan ba sa zama, in rubuta babu mazauna. Na rubuta. Baba yana tsaye kusa da ni, ya ce, “Malam, me ka rubuta?”

Na ce, “Tsawon layi ne, Baba.”

Muka mayar wa tsohuwa ƙwaryarta muka wuce.

Kwana uku na yi da wannan magana a jakata. Ina cin tuwona, ina dariya da leburori. Abin da kawai ya gagare ni shi ne ɗan karatun da na fara yi da safe kafin a fita. Littafi Mai Tsarki da littafin aiki a jaka ɗaya nake ajiye su, fensirin da nake ja wa aya layi shi nake rubuta awo da shi. In na sa hannu zan ɗauko ɗaya sai in taɓa ɗayan, sai in fasa. Ba wata aya ce ta faɗo mini ba, ban kuma yi mafarki ba. Tun ina ƙarami na haddace dokar da ta hana shaidar zur, amma a tunanina abin kotu ne, gaban alƙali da rantsuwa. Ban taɓa zaton zai zo mini a kalmomi biyu, a tsakiyar daji, da ɗanɗanon nono a bakina ba.

Rana ta huɗu da hantsi muna wasa adduna a kan dutse, na gaya wa Baba gaskiya. Ya ce ai ya sani, don in awo nake rubutawa sai na dubi sarƙa tukuna, ran nan kuwa ƙasa na duba. Na tambaye shi yadda zan yi. Ya ci gaba da washi, can ya ce shi bai iya rubutu ba, don haka ba a taɓa ɗora masa irin wannan kaya ba, littafin nawa ne, hannun ma nawa ne.

Na sami Bature a bakin tantinsa yana shan shayi. Na shirya jawabi mai tsawo, amma da na tsaya gabansa duk ya watse. Na ce abin da na rubuta a shafin nan ba gaskiya ba ne, sunana kuma yana ƙasa, ina so in gyara. Ya tambaye ni ko 'yan mishan ne suka koya mini yi wa shugabana gyara. Na ce a'a, ranka ya daɗe, tsohuwar tana nan, na gan ta, na sha nonon shanunta. Ya ce shi ma yana da hannu, zai iya yaga shafin ya rubuta da kansa. Na ce haka ne.

Ya ajiye kofin shayin. Daga nan ya jawo taswira ya auna da yatsa, ya ce, “Kwana tara za a ƙara. Kai za ka gaya wa leburori, ba ni ba.”

Na gyara shafin, sannan na gaya musu. Mutane ne da suka baro gonaki ba su share su ba, suna ƙirga ranar komawa gida. Ba wanda ya zage ni a fuska, amma daga ranar suka sa mini suna Fasto, in na wuce su yi shiru. Kwarin nan ya ba mu wuya. Tsando ya cije mu har wuyan kowa ya kumbura, gora ta tsaga mini tafin ƙafa na yi kwanaki ina ɗingishi da tsumma. Wani lebura mai tari ya kwanta zazzaɓi, aka ɗauke shi zuwa gari a kan makara ta kara. Ya warke, amma har yau in na tuna fuskarsa sai in tambayi kaina ko ina da ikon sa shi ya biya kuɗin gaskiyata da jikinsa. Ban sami amsar da ta gamsar da ni ba.

Da muka koma cire turakun tsohon layi, tsohuwar ta ɗauka ɓata muka yi, har tana kwatanta wa Baba hanya. Ba ta taɓa sanin an rubuta cewa babu ita ba, ba ta kuma san an goge ba. Bature ya rubuta a rahoton da ya yi a kaina cewa ina da ƙwazo amma ina da taurin kai, da aka tashi tura mutum ƙarin karatu aka tura wani. Shekara biyu bayan haka cutar sammore ta shiga shanun mutanen nan, suka tashi da kansu suka yi yamma. Wato maganar Bature ta tabbata, ko da yake ba a lokacin da ya ce ba.

In matasa a majami'a suka ce in ba su labarin zama da bangaskiya a wurin aiki, ba na son ba da wannan, don sai su mai da shi labarin nasara. Ni abin da na fi tunawa shi ne sauƙin da na ji wajen rubuta ƙaryar. Ba wanda ya tsananta mini don ni Kirista ne a Birnin Gwari. Musulmin da na zauna cikinsu ba su taɓa hana ni ibada ba, Baturen ma bai damu da abin da na gaskata ba. Da an tsananta mini, wataƙila da na tsaya da ƙarfi tun farko. Abin da na tarar shi ne wurin da ba mai tambaya, kuma wannan ne makaranta ba ta shirya ni dominsa ba.

Na yi shekara bakwai a garin. A shekara ta uku na je gida na yi aure, na dawo da matata. Ita ba ta da kunyar murya, ranar Lahadi tana rera waƙa da ƙarfi har a ji a zaure, ni ina bin ta a hankali. Matar mai gidanmu ta kan aiko mata da fura bayan mun gama, ta ce a jiƙa maƙogwaro.